Su wa ne ainihin munafukan littafin Huckleberry Finn?

Fatima_Adabi
Assalamu alaikum 'yan zaure. Magana nake tafe da ita a kan littafin Mark Twain, Adventures of Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila ƙarshen 1884, a Amurka kuma farkon 1885. Yawancin waɗanda suka karanta shi, in aka ce su nuna munafukai a ciki, sai su nuna 'yan damfarar nan biyu da suka maƙale wa Huck, yaron da ke ba da labarin, da Jim, bawan da ya tsere, a kogin Misisifi, wanda ya ce shi jinin sarautar Ingila ne da wanda ya ce shi ɗan sarkin Faransa ne. Ni ban gamsu ba. Waɗannan maƙaryata ne da suka san kansu, ba su taɓa ɗaukar kansu bayin Allah na gari ba. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne mutanen kirkin gari. Ku dubi Miss Watson. Ita ce ke shiga da Huck ɗaki tana koya masa addu'a, a gidansu ake tara bayi da dare a yi addu'a tare, amma ita ce dai Jim ya jiyo tana cewa za ta sayar da shi a kai shi New Orleans saboda an taya shi dala 800. Mutum mai mata da 'ya'ya biyu. To tambayata ita ce: matar nan munafuka ce, ko kuwa zamaninta ne ya rufe mata ido? Wanda bai san ɓarna yake yi ba, za a kira shi munafuki?

Ɗan_Dala
Wa alaikumus salam. Munafuka ce mana, ai babu wata tantama. Jim da bakinsa ya gaya wa Huck cewa ya ji tana faɗi ba ta son sayar da shi, amma kuɗin sun yi yawa ta kasa jurewa. Kin ga ke nan zuciyarta ta gaya mata gaskiya, ta bi kuɗi. Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Baba_Mai_Alli
Ɗan_Dala, yi a hankali ɗana. Abin da zuciyarta ta ƙi shi ne sayar da shi kudu, inda gonakin auduga da rake ke cinye mutum. Mallakarsa da take yi kuwa ba ta taɓa ganin aibinsa ba, kuma babu wanda ya gani a garin. Na daɗe ina koyar da adabin Turanci kafin in ajiye aiki, kuma kullum nakan fara wa ɗalibai da rayuwar marubucin kansa. Sunansa na yanka Samuel Clemens, an haife shi a 1835, ya tashi a garin Hannibal na jihar Misuri, jihar da ta shiga tarayyar Amurka a 1821 a matsayin wadda ta halatta bauta. Gidansu sun mallaki bayi. A 1841 mahaifinsa yana cikin masu taya alƙali yanke hukunci da suka aika da mutum uku gidan yari na shekara 12 saboda sun yi yunƙurin taimaka wa bayi su tsere. Da ya tsufa ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa yana ɗan makaranta bai taɓa ƙyamar bauta ba, domin jaridun garin ba su soki abin ba, kuma daga kan mumbarin majami'a ake koya musu cewa Allah ya yarda da shi. Don haka Miss Watson ba wata baƙuwar halitta ba ce a wurinsa. Irin matan da suka rene shi ce, masu tausayi, masu ibada. Abin da ya sa littafin ke da zafi ke nan.

Malam_Habu_Zage
Fatima, tambayarki tana da amsa a wajenmu. Hadisi ya ba mu alamomin munafuki uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Da wannan ma'auni 'yan damfarar nan sun cika sharuɗɗa duka. Amma ki koma farkon Suratul Baƙara, aya ta 11 da ta 12, inda aka ce in an ce musu kada ku yi ɓarna a bayan ƙasa sai su ce mu masu gyara ne, sannan Allah ya ce su ne maɓarnata amma ba sa jin haka a jikinsu. Ashe ke nan rashin sani ba ya fitar da mutum daga wannan siffa, musamman idan shi ya zaɓi kada ya sani. Ba hukuncin lahira nake yanke wa kowa ba, hali nake bayani.

Fatima_Adabi
Allah ya ƙara sani Malam. Wannan "shi ya zaɓi kada ya sani" ita ce gaɓar da nake nema.

Yakubu_Wusasa
Ni Kirista ne, kuma littafin nan yana sosa mini inda ke mini ciwo. Abin da Baba ya faɗa game da mumbari gaskiya ne. Fastocin kudu sun riƙa jan ayar Afisawa sura 6 mai cewa bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, su kafa hujja da su. Abin ya kai har ikilisiyoyi suka dare gida biyu: Methodist suka rabu a kan bauta a 1844, Baptist na kudu suka ware a 1845. Amma kada a manta cewa masu yaƙi da bauta su ma da Littafi Mai Tsarki a hannu suka yi, don haka babu mai cewa gaskiya ba ta iso kunnensu ba. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, tun a 1845 ya rubuta cewa tsakanin addinin Almasihu da addinin masu bayi akwai tazara mai nisa. A Matiyu sura 23 Yesu ya kira irinsu masu tace sauro su haɗiye raƙumi. Mutanen garin su Huck ke nan: yaro ya yi hamma ko ya ɗora ƙafa a kujera a tsawata masa, a sayar da uba a raba shi da 'ya'yansa ba wanda ya ce uffan.

Umma_Sakkwato
Tun babi na farko ma an nuna mana. Matar Douglas, 'yar'uwar Miss Watson, wadda ta ɗauki riƙon Huck, ta hana shi shan taba ta ce ƙazanta ce, alhali ita tana amfani da garin taba. Huck ya lura, ya ce wannan ba laifi tunda ita ke yi. Abu ƙarami ne amma da shi aka buɗe ƙofa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sabon alƙalin nan. Alƙali Thatcher da matar Douglas sun je kotu a raba Huck da ubansa, mashayin da ke jibgarsa kuma ya dawo ne kawai don dala 6,000 da yaron ya samu. Sai alƙalin ya ce kotu ba ta son raba iyali. A ƙasar da doka ta yarda a sayar da uwa gabas ɗa yamma! Wato iyalin mashayi farar fata iyali ne, na Jim dukiya ce.

Bakatsine77
Hajiya Umma kin manta ƙarashen. Alƙalin ya kai uban gidansa, ya ba shi sababbin tufafi, aka yi ta koke-koke ya rantse ya bar giya. Cikin dare ya fita ta taga ya musanya sabuwar kwat da giya, ya faɗo daga rufin baranda ya karya hannu. Gari na wayewa alƙali ya wanke hannunsa daga maganar. Yaron da aka kawo ƙara dominsa kuwa ba a sake waiwayarsa ba, har uban ya sace shi ya kulle a bukka a daji. Alƙalin gyaran da za a gani a yaba masa yake so, ba ceton yaro ba.

Ƙaramin_Ɗalibi
Don Allah yayyena ku yi haƙuri, ni ban gama littafin ba. Abin da ya ɗaure mini kai, in Jim 'yanci yake nema me ya sa suke gangarawa kudu inda bautar ta fi tsanani? Kuma na ga suna ta maganar Cairo, Masar za su?

Baba_Mai_Alli
A'a jikana, ba Alƙahira ba ce. Wani gari ne a ƙarshen kudancin jihar Illinois, inda kogin Ohio ke zubawa cikin Misisifi. Shirinsu shi ne su gangara zuwa can, su sayar da katakan da suka harhaɗa suke tafiya a kai, su hau jirgin tururi su bi Ohio zuwa jihohin da babu bauta. Abin hawansu ba ya iya haura ruwa, sai dai ya bi inda ruwa ya ja shi. Hazo ya rufe su suka wuce garin ba su sani ba. In ka ce me ya hana Jim ya ƙetare kogi kawai ya shiga Illinois tun daga farko, to an riga an sa ladan dala 300 a kansa, kuma bakin kogin cike yake da masu farautar bayi.

Zainab_Kumasi
Tunda an zo wajen Cairo, akwai wurin da ba a cika magana a kai ba. Mutum biyu da bindigogi a ƙaramin jirgi suna neman bayin da suka tsere, suka tare Huck suna so su duba wanda ke tare da shi. Ya bar su suka ɗauka cewa mahaifinsa ne kwance da ciwon agana. Nan take suka ja da baya. Sun san yaro ne ƙarami da iyali marasa lafiya a tsakiyar kogi, amma ba su taimaka ba, har suka koya masa ya je gari na gaba ya yi ƙarya kada ya faɗi irin ciwon. Sai kowannensu ya ɗora tsabar zinariya ta dala 20 a kan katako suka tura masa ta ruwa. Ni a ganina wannan ya fi na Miss Watson bayyana halin jama'a. Sun sayi kwanciyar hankalinsu da dala 40, suka koma farautar mutane suna jin sun yi sadaka.

Ɗan_Dala
To Baba, waɗannan ma zamani ne ya rufe musu ido?

Baba_Mai_Alli
Ban ce a wanke kowa ba. Cewa nake cutar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In ka tsaya a kan Miss Watson ita kaɗai, ka sauƙaƙa wa garin.

Bakatsine77
Ni dai babu inda ya kai gidan Grangerford. Gida ne na mutunci da karamci, sun karɓi Huck cikin dare ba su san shi ba, suka ciyar da shi suka tufatar da shi. Kanar ɗin gidan yana da bayi sama da 100, 'ya'yansa kan miƙe tsaye su gaishe shi da safe da ladabi. Amma suna gaba da gidan Shepherdson kusan shekara 30, ana ta kashe juna. Huck ya tambayi Buck, yaro sa'ansa, a kan me aka fara, ya ce wata shari'a ce ta da can, shi bai san ainihin abin ba. Ranar Lahadi gidajen biyu suka je majami'a ɗaya, kowa da bindigarsa tsakanin gwiwoyi ko jingine da bango, aka yi wa'azi a kan ƙaunar ɗan'uwa. A hanyar gida suna ta yaba wa'azin. A daren ranar 'yar gidan, Sophia, ta gudu da saurayin ɗaya gidan, washegari kafin dare an kashe uban da 'ya'yansa maza, har da Buck. Huck ne ya jawo gawarsa daga ruwa ya rufe masa fuska yana kuka. Fatima, waɗannan sun ji wa'azi da kunnensu, sun yaba da bakinsu. Babu maganar rashin sani a nan.

Malam_Habu_Zage
Jin wa'azi daban, ɗaukarsa a kan kai daban. Kowannensu ya zauna ne yana ganin da ɗaya gidan ake.

Hauwa_Jos
Ina so in ɗan kare ra'ayin da Fatima ta ture tun farko. Kada mu raina 'yan damfarar nan, domin ta hanyarsu ne aka tona asirin sauran. A taron wa'azi na Pokeville babban cikinsu ya hau dandamali ya ce shi ɗan fashin teku ne da ya tuba a wannan taron, zai koma ya shiryar da sauran 'yan fashi. Jama'a na kuka suka tara masa dala 87 da santi 75. Me ya sa ya ci nasara? Saboda ya san suna son labarin da zai nuna taronsu ya yi albarka. Haka a gidan marigayi Peter Wilks, inda suka zo a matsayin 'yan'uwansa daga Ingila don su cinye gadon marayu mata uku. Likita Robinson ya fito fili ya ce wannan ɗan damfara ne, ku ji ma yadda yake kwaikwayon Turancin Ingila. Garin ya juya wa likita baya, domin hawayen ƙarya sun fi musu daɗi. Sannan da suka sayar da bayin gidan, 'ya'ya biyu aka yi Memphis da su, uwar aka yi New Orleans, Mary Jane, babbar marayun, ta yi kuka na gaske. Yarinya ce mai kyakkyawar zuciya, amma kukan raba su take yi, ba ta taɓa tambayar ta yaya aka yi ta gaje su kamar kujeru ba.

Fatima_Adabi
Anti Hauwa na karɓi rabin maganarki. Amma dubi ƙarshensu: da gari ya kama su an shafe su da kwalta da gashin tsuntsu an zagaya da su. Wato al'umma tana da hukuncin ƙaramin maƙaryaci. Wa ya hukunta Silas Phelps? Manomi ne kuma mai wa'azi, ya gina ƙaramar majami'a da kuɗinsa, ba ya karɓar ko sisi a kan wa'azi. Shi ne ya kulle Jim a bukka da sarƙa a ƙafa yana jiran mai shi, kuma yana zuwa yana yin addu'a tare da shi. Matarsa Sally kuwa, da Huck ya ƙirƙiro mata labarin cewa injin jirginsu ya fashe, ta tambaya ko an ji rauni. Ya ce a'a, baƙin mutum ɗaya ne dai ya mutu. Ta ce an yi sa'a, domin wani lokaci mutane kan ji ciwo. Ta faɗa ne tana rungume da shi cikin ƙauna. Wannan layin ya fi duk damfarar littafin ba ni tsoro.

Sani_Tarihi
Kun zagaye babi na 31, kuma can ne zuciyar maganar. Bayan tsohon ɗan damfarar ya sayar da Jim a kan dala 40, Huck ya zauna shi kaɗai yana jin cewa Allah ne ke hukunta shi don ya saci bawan tsohuwar da ba ta taɓa cutar da shi ba. Ya yi ƙoƙarin addu'a ta ƙi fita, ya gane ba a yi wa Allah ƙarya a addu'a. Sai ya rubuta wa Miss Watson takarda ya gaya mata inda Jim yake, ya ji ya wanku daga zunubi. Daga nan ya tuna zamansu a kogi, yadda Jim ke karɓar masa gadin dare ya bar shi ya yi barci, yadda ya ce masa shi kaɗai ne abokinsa a duniya. Ya yayyaga takardar, ya ce to shi ke nan, ya yarda ya shiga wuta. Ku lura, bai ce bauta zalunci ce ba. Har ƙarshen littafin bai faɗa ba. Ya tafi ne yana da yaƙinin cewa shi ne lalatacce, garin ne mai gaskiya. Twain ya rubuta a littafin ajiyarsa a 1895 cewa labarin karo ne tsakanin lafiyayyar zuciya da gurɓataccen lamiri, kuma lamirin ya sha kaye. Munafuncin da ya kai ga shiga cikin yaro ya zama shi ne muryar da ke gaya masa daidai da kuskure, ya wuce halin mutum ɗaya.

Yakubu_Wusasa
Sani, wannan wurin ne ke sa ni hawaye. Yaro ya yi aikin da Almasihu ya umarta yana zaton ya saɓa masa, saboda abin da makarantar Lahadi ta koya masa.

Garba_Kontagora
Ku yi mini afuwa zan ɓata muku zama. Kuna ta yabon marubucin kamar shi ya tsira. Shi fa? A 1861 ya shiga wata ƙungiyar sa-kai mai goyon bayan kudu, ya yi kamar mako biyu ya bari. Ya faɗa da kansa cewa yana son wasannin da fararen fata ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe. Kalmar cin mutuncin baƙar fata ta fito a littafin sama da sau 200. Jim, magidanci mai hankali, an mai da shi mai camfi da yara ke wasa da shi. Sannan ƙarshen littafin: Tom Sawyer, abokin Huck, ya zo ya ɓata kusan babi goma yana sa Jim kwana da macizai da ɓeraye, yana sa shi rubutu da jini, don a yi tserewa irin ta littattafan da ya karanta. Alhali ya san Miss Watson ta mutu wata biyu da suka wuce ta 'yanta shi a wasiyyarta. Huck da ya yarda ya shiga wuta don Jim ya koma ɗan amshin shatan Tom. In wannan ba cin amanar Jim ba ne daga marubucin, mene ne?

Zainab_Kumasi
Yaya Garba, ina tare da kai a kan cewa ƙarshen ya yi tsawo kuma yana da wuyar haɗiya. Amma ban yarda an mai da Jim wawa gaba ɗaya ba. Ka tuna bayan hazo, da Huck ya yaudare shi cewa mafarki ya yi, Jim ya gaya masa magana mai nauyi a kan mai kunyata abokinsa, har Huck ya je ya ba shi haƙuri. Ka tuna labarin 'yarsa Lizabeth, da ya mare ta don ta ƙi rufe ƙofa, bai san zazzaɓi ya kurmantar da ita ba, yana ba da labarin yana cewa ba zai yafe wa kansa ba muddin ransa. A duk littafin shi kaɗai ne uban da ya yi nadama ta gaskiya.

Sani_Tarihi
Garba, duba shekarun. Labarin ya faru ne wajen 1830 zuwa 1840 da wani abu, amma an fara rubuta shi a 1876 aka gama a 1883. An soke bauta a 1865. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare baƙaƙe a kudu, a 1883 kotun ƙoli ta rushe dokar 1875 da ta hana wariya a wuraren jama'a. Wato yana rubutu ne a lokacin da mutum ke da 'yanci a takarda amma ana ci gaba da wasa da rayuwarsa. Masana da dama suna karanta wasan Tom a haka: 'yantar da wanda ya riga ya 'yantu, a hankali, yadda zai yi wa farar fata daɗi. Kuma dubi abin da ya biyo baya. An harbi Tom a ƙafa, Jim ya fito daga maɓoyarsa ya taimaki likita, ya san za a kama shi. Manoma suka so rataye shi, abin da ya hana su shi ne tsoron mai shi zai zo ya ce su biya. Likita ya yabe shi, suka yarda su daina zaginsa, amma ba wanda ya ce a cire masa sarƙa. Daga baya Tom ya ba shi dala 40 ladan haƙuri, daidai kuɗin da aka sayar da shi.

Garba_Kontagora
Wannan fassara ce mai kyau, amma masu karatu ne suka kawo ta. Ni a shafi abin da na gani shi ne marubuci yana jin daɗin barkwancinsa, mutum kuma yana ɗaure. Na san a 1885 ya ɗauki nauyin wani baƙin ɗalibin lauya a jami'ar Yale, na san a 1905 ya yi rubutu mai zafi a kan ta'asar Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango. Ban ce mugu ba ne. Cewa nake shi ma bai gama fita daga garin da yake suka ba.

'Yar_Maraɗi
Ina biye da ku tun sama. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A nan Nijar sai a 2003 aka yi dokar da ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kai, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta yanke cewa ƙasar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. A arewacin Najeriya sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka. Har gobe akwai gidajen da za a zo neman aure a koma binciken asali, a ce ai kakansa bawa ne, kuma masu faɗin haka suna sahun gaba a masallaci. Da na karanta wurin Sally ban ji ina karanta labarin wasu mutane can nesa ba.

Malam_Habu_Zage
Gaskiya kika faɗa 'yar'uwa, gorin asali haramun ne kuma muna yi. Sai dai a kiyaye wajen haɗa tsarin biyu, domin na Amurka an gina shi ne a kan launin fata, har ya zama baƙin da bai taɓa bauta ba ma ba shi da daraja. Ki tuna zagin da uban Huck ya yi wa gwamnati don ya ga wani baƙin malamin jami'a daga Ohio, mai jin harsuna da yawa, an ce yana da ikon jefa ƙuri'a a jiharsa. Mashayin da ke kwana da aladu ya rantse ba zai ƙara zaɓe ba saboda haka.

Umma_Sakkwato
Akwai kuma Kanar Sherburn, wanda ya harbe mashayi Boggs da rana tsaka a gaban 'yarsa. Jama'a suka ɗora wa mai mutuwa Littafi Mai Tsarki a ƙirji, suna turereniya a taga don kallo, sannan suka ɗunguma za su rataye Kanar. Ya fito da bindiga ya ce musu matsorata ne, ba sa iya komai sai cikin duhu da fuska a rufe. Suka watse. Na rasa inda zan ajiye wannan mutum. Mai kisa ne, amma shi ne ya faɗa wa garin gaskiyarsa.

Ɗan_Dala
Hajiya ai shi ma ba a hukunta shi ba, saboda mai kuɗi ne. Ni har yanzu ina kan bakana. Miss Watson ta 'yanta Jim a wasiyya don ta ji kunyar abin da ta yi niyya, haka Tom ya faɗa. Mai jin kunya ya san laifinsa. Ta jira sai da ba za ta ƙara amfana da shi ba sannan ta sake shi, kuma matarsa da 'ya'yansa suna nan a hannun wasu.

Baba_Mai_Alli
Abu ɗaya zan ƙara. A watan Maris na 1885 ɗakin karatun garin Concord a jihar Massachusetts ya fitar da littafin daga kantocinsa. Wannan gari ne na arewa da ya yi suna wajen adawa da bauta. Dalilinsu ba kalmar da Garba ya ambata ba ce, ba kuma yadda aka nuna Jim ba. Cewa suka yi harshen yaron na 'yan tasha ne, ba shi da tarbiyya, bai dace da mutanen kirki ba. Sun karanta labarin mutum da aka sayar a kan dala 40, abin da ya dame su shi ne nahawun Huck.

Fatima_Adabi
Ɗan_Dala, a kan Miss Watson na matso kusa da kai, maganar kunyar nan ta kama ni. A kan Sally kuwa har yanzu ban iya ba, domin ban ga wurin da zuciyarta ta taɓa yi mata gargaɗi ba, kuma ban san ko hakan ya rage mata laifi ko ya ƙara ba. Malam Habu, ita ma za a ce ta zaɓi kada ta sani?

Malam_Habu_Zage
Tana zuwa bukkar tana duba ko Jim ya ƙoshi. Ta ga sarƙar da idonta. Abin da zan iya cewa ke nan.

Ƙaramin_Ɗalibi
Na kai babi na 16 yanzu, inda Jim ke cewa in ya samu 'yanci zai tara kuɗi ya fanshi matarsa, su biyu su yi aiki su fanshi yaran, in mai su ya ƙi sayarwa a sato su. Huck ya ji tsigar jikinsa ta tashi wai Jim zai sace 'ya'yan da mallakin wani mutum ne da bai yi masa komai ba. Yaya Sani, shi marubucin yana so mu yi fushi da Huck a nan, ko mu tausaya masa?